A Sake Dubawa Ranar Talata

A Oulu, cikin watan Disamba,
leƙe kawai rana take yi, kamar baƙuwa mai kunya,
ta gaisa daga bakin ƙofa, ta juya.
Ƙarfe uku ban cika ba na kunna fitila
a ɗakin da mahaifina ya bari.

Reijo Kemppainen. Shekara talatin da ɗaya
yana tsara jadawalin jiragen ƙasa.
Da dare kuwa, in mahaifiyata ta yi barci,
sai ya jawo littafi mai bangon toka
ya shiga rigima da lokaci.
Littafi goma sha bakwai na ƙirga.
A na tara kofi ya zube,
lissafin ya kewaye tabon, ya ci gaba da tafiyarsa.

Yakan ce, Sirkka, in jirgi ya bar Kemi,
Kemi ta mutu ke nan?
Tana nan da bencinta, da tsohuwa mai sayar da burodi.
Ke ce kika wuce.
Jiya ma tasha ce, ba a rushe ta ba.
Ni kuwa shekarata tara,
so nake ya sake ni in tafi zamiya kan ƙanƙara.

Sau ɗaya wata malamar jami'a ta amsa wasiƙarsa.
Layi huɗu, cikin ladabi:
an riga shi faɗin haka tun kafin a haife shi,
kuma akwai kuskure a shafi na shida.
Ya wuni yana fara'a.
Ya ce, ai kin ga ta karanta har shafi na shida.

Madara ce ta hana shi barci.
Dokokin motsi ba ruwansu da gaba ko baya,
karanta su ta kai, karanta su ta wutsiya, duk ɗaya.
Amma madarar da ta shiga kofi
ba ta taɓa tattara kanta ta koma kwali ba.
To wa ya ɗaura wa lokaci kibiya,
kuma a ina ya ɓoye bakan?

Sai ya rubuta wa tsohuwar kwamfutarsa umarni:
ɗigo dubu a kusurwar akwati,
a sake su, su watse, su yi ta karo da juna,
sannan a juya wa kowanne fuska
ya bi sawunsa ya koma gida.

Daren nan na kunna ta.
Fankarta ta yi tari irin nasa.
Ɗigogin suka bazu kamar an ɓare buhun gero.
Na danna maɓallin da ya manna wa takarda: koma.
Suka juyo kuwa.
Na ga hayaƙi yana neman itacensa,
na ga ƙwai yana ɗinke ɓawonsa,
na manta da numfashi.
Saura ƙiris
sai ɗaya ya kauce da abin da bai kai silin gashi ba,
ya ture maƙwabci, maƙwabci ya ture goma,
kusurwar ta zauna fayau, ba wanda ya iso.

A gefen shafin ƙarshe, da fensir:
Na'ura na yanke lamba a gurbi na goma sha shida.
Ta ɗan abin da ta zubar lokaci ke shigowa.
Ko kuma ni ne ban iya ba.
A sake dubawa ranar Talata.

Litinin aka same shi a kujerar nan,
tabarau a goshi, kofi ya huce.

Ban san lissafi ba, aikin jinya na karanta.
Na san dai jiki ba ya komawa kusurwa.
Amma in maganarsa ta Kemi gaskiya ce,
yana can wata Lahadi yana fiƙe fensir,
ina can ƙofa da takalman ƙanƙara a hannu
ina ɗokin ya gama magana.

Jirgin dare mai zuwa arewa ya ratsa bayan gida,
gilashin taga ya ɗan yi rawa.
Na duba agogonsa da ke wuyan hannuna.
Ya makara da minti shida.
Na ɗauki fensirin, na rubuta haka a ƙasan layinsa,
na sa kwanan wata.