Rantsuwa a Ferrara

Shekara goma sha ɗaya ina juya Ermete a gado,
hagu da safe, dama da la'asar,
kada bayansa ya yi gyambo.
Shi ya koya mini harshen garin nan.
Da zagi ya fara,
sannan sunayen wake, sannan na tsuntsaye.
In na karya kalma, sai ya buga cokali a ƙarfen gado:
"Parascovia, sake!"
Na yi ta sakewa har harshena ya yi kanta.

Yau ga ni a ofishin magajin gari
cikin takalmin aro na Doina, yana cizon ɗan yatsana.
Tun asuba ake yayyafi,
kekuna sun jiƙe sharkaf a bakin ƙofa.
Mu bakwai ne a benci:
wani mai gasa burodi daga Masar, da sauran fulawa a farcensa,
ya da ƙanwa daga Peru, sai ɗaukar hoto suke,
sauran ban tambaye su ba.

Matar ta rataya ɗamara mai launi uku,
ta ɗaga takarda,
ta yi tuntuɓe a kan sunana har sau biyu.
Ba ni da cokali. Na yi murmushi.

Ashe rantsuwar ba ta fi numfashi ɗaya ba.
Duk sammakon bin layi a ofishin 'yan sanda,
duk izinin zaman da ke mutuwa kafin sabo ya fito,
da takardar haihuwata da aka fassara sau uku,
ga inda suka tsaya.
Na faɗe ta babu gargada.
Mai cewa in sake yana maƙabarta tun watan Maris.

Aka miƙo mini kundin tsarin mulki, ɗan ƙarami kamar littafin addu'a,
da tutar takarda a jikin tsinke.
Aka tafa.
An ce baƙo raɓa ne.
To ga raɓar da ta wuce hantsi, ta wuce azahar,
rana ta gaji ta ƙyale ta.

A waje na kira mahaifiyata a Soroca.
Ta ce, "To yanzu ke 'yar wa ce?"
Na ce, "Taki."
Ta ce inabin bana ya yi tsami, rufin ɗaki yana yoyo,
kuma Ilie, ɗan da na bari yana aji ɗaya,
ya fara aske gemu da rezar kakansa.
Na ce zan aiko kuɗin rufi.
Maganar gemun ban sami abin cewa ba.

Na tura keke zuwa wurin Ermete.
Na soke tutar a tukunyar furensa,
na cire takalmin Doina, na tsaya da safa a kan jiƙaƙƙen dutse,
na karanta masa rantsuwar daga farko.
Kalma ɗaya na karya da gangan.
Na saurara.

Yayyafi ne kawai.

Ƙarfe huɗu saura kwata.
Akwai wata tsohuwa a titin Mortara
tana jiran a juya ta dama.