Muryar Baba

Jarida ta yi maka ƙiyasi, Nafi'u:
fam miliyan shida, in ji su,
har da gidan Landan mai lambu
da motar da ba ta tari da safe.
Na ajiye ta a kan tebur,
kofin shayi ya bar zobe a goshinka.

Ba su ƙirga daren farko ba.
Ɗakin ƙasa na wata mashaya a Leeds,
kujera arba'in, mutum tara,
ni ce ta tara, can lungu,
riƙe da kwalbar lemo kamar mai laifi.
Makirufo ya yi ƙugi, gumi ya jiƙa maka wuya,
minti biyar ba wanda ya nuna haƙori.
Wani mai jan gemu ya ce ka koma gida.

Sai ka gyara tsayuwa,
ka turo ciki, ka ɗaga gira ɗaya,
ka ari bakin Baba:
Turancinsa na Zariya da ya ƙi narkewa
shekara talatin cikin ruwan ƙasar nan,
yadda yake kiran sunan kowace tasha
kamar mai karanta hukunci.
Ɗaki ya ɓarke.
Ni ma na yi dariya, Allah ya yafe mini,
har na ƙware.

Fam goma sha biyar aka ba ka
da ragowar dankali a takarda.
Muka cinye a tsaye, ana yayyafi.

Daga nan hanya ta san sunanka.
Edinburgh, Glasgow, zaure mai cin mutum dubu uku,
sannan talabijin, daren Alhamis,
shekara bakwai kana direban bas mai fushi,
yara a titi suna ihu:
“Ba canji, ba tafiya!”
Maganarsa ce. Ko waƙafi ba ka sauya ba.

Shi kuwa yakan dawo ƙarfe tara,
ya tsoma ƙafa cikin ruwan ɗumi,
ya zuba maka ido a akwatin,
bai ce uffan ba.
Fasinjoji suka gane shi.
“Faɗa mana, dattijo, faɗa mana!”
Ya faɗa, ya miƙa tikiti.
Kafin shekara ta zagayo
ya daina magana a bas,
da yatsa yake nuni.

Ka saya masa gida a Roundhay,
ya ce gwiwarsa ba ta shiri da bene,
kuma a Harehills masallaci na kusa.
Ka aiko agogon zinariya,
ya sa shi cikin aljihun tebur
tare da takardun asibiti.

Ranar da aka kai shi
ka zo da baƙin tabarau.
An ce wani ya nemi hoto da kai a bakin maƙabarta,
ka tsaya, ka yi murmushi.
Hannu ya saba, ban ga laifinka ba.
Ko na gani. Ban sani ba.

Da nake kwashe ɗakinsa
na tarar da kwali a ƙarƙashin gado:
kaset ɗari da wani abu,
kowanne da rubutun ajami a gefe,
Nafi'u na ɗaya, Nafi'u na biyu,
har inda tawada ta fara rawa.
Har yau na kasa rabewa,
taska ce ya tara ko shaida.

Shekaranjiya, ƙarfe biyun dare, ka kira.
Babu sallama.
Na ji ka ja numfashi, irin na kafin ka hau dandamali,
sai ga shi, shi ɗin kansa,
da kaushin maƙogwaro da komai:
“Uwani, kin ci abinci?”

Ba wanda ya yi dariya.
Na zauna a kan matakala, waya a kunne,
firji na gunaguni a kicin,
na ce, “Na ci, Baba.”
Na ce, “Sake faɗa.”