Falle Bakwai

Kwana tara ke nan kwantenar Usta Jibo
tana shan rana a tashar Bur Sudan,
ƙarfenta ya yi zafin da zai gasa kifi.
A ciki, falankin ablakash ɗari huɗu da sittin
sun kwanta kan juna, ba su san laifinsu ba.

Ni ne mai fito. Aikina ɗaukar takarda
daga taga zuwa taga har hatimi ya gaji.
Na rubuta: katako mai falle-falle, farin itace, mai araha.
Mulazim Sirrul Hatim ya gyara tabarau,
ya shafi falanki kamar mai tayin akuya,
ya ce, "To wannan jan fa? Farin itace ba ya ja."

Aka kira Ohaj da zarto.
Ya yanke kusurwa, ba ta kai tafin hannu ba,
garin katako ya zubo kan takalmin Mulazim.
Muka ƙirga da bakin biro, kanmu a haɗe:
bakwai.
Biyar na ciki farare ne,
biyun waje ja, sirara kamar ɓawon albasa.

Littafin kwastan ya fi matashin kai kauri,
amma yau tambayarsa guda ce:
wace bishiya ce a fuska?
In ta kurmi ce, layinta daban, kuɗinta daban.
Biyar ɗin ciki, masu ɗaukar nauyi,
ba wanda ya tambayi sunansu.

Usta Jibo yana waya tun asuba.
Ya karɓi kuɗin tebura sittin na wata makaranta,
yara suna rubutu a kan gwiwa,
kuɗin ajiya kuma yana tsiro kullum
kamar gemun da ba a so.
Na ce masa, "Haƙuri, Usta, ana duba asalin katakonka."
Ya ce, "Auren 'yarsu zai yi?"

Na tsaya riƙe da guntun nan a inuwar sito.
An ce jan daga wani kurmin yamma aka saro shi,
ya ƙetare teku a gungume,
aka feƙe shi a ƙasar Sin, aka manna shi kan baƙo,
ya dawo nahiyarsa da takardar shiga.

Kakana Talle ya taso daga Gumel da ƙafa,
Makka ya nufa, auduga ta riƙe shi a Jazira.
Kakata 'yar Sinkat ce, ba ta taɓa cewa "sannu" daidai ba.
Ubana ya yi dako a wannan tasha
har kafaɗarsa ta yi kanta.
Ni ina mafarki da Hausa, ina faɗa da Larabci.
Ranar da na je neman katin ɗan ƙasa
mai tagar bai ƙirga komai ba.
Fuskata ya duba, ya zaɓa mini layi.

Ohaj ne ya nuna mini abin da littafin bai faɗa ba.
Ya ce, "Duba, kowane falle gicciye yake kan ɗan'uwansa.
Da duk gefe ɗaya suka kalla,
da gwiwa zan karya shi."
Ya gwada. Bai karye ba.

Da la'asar Mulazim ya buga hatimi.
Jan ya yi nasara, muka biya kuɗin fuska.
Usta ya yi tsaki, ya ce teburan za su koma hamsin da uku,
sauran yaran su matsa wa juna.

Guntun yana aljihuna har bakin ƙofa.
Teburin Sittana mai shayi ya daɗe yana ɗingishi,
kofi na rawa duk sanda tirela ta wuce.
Na durƙusa na cusa shi ƙarƙashin gajeriyar ƙafar.
Ta girgiza teburin, ya tsaya cak.
Ta zuba mini da citta,
ba ta tambayi ko wane itace ba ne.