Lambar da Ke Jikin Allo

Ranar da motar furoje ta juya mana ƙeya
mun tsaya bakin kwarin Tadis muna ɗaga hannu.
Sun bar mana faranti goma sha biyu masu kallon rana,
da famfo, da akwatin ƙarfe mai koren ido,
da farin allo mai lambar waya
da sunayen ƙasashen da harshena ya kasa ɗauka.

Shekara biyu ruwa na zuwa kamar an aike shi.
Na rataye guga, igiya ta ruɓe bisa gawo.
Kantar hannuna ta baje,
har Nomau ya riƙa ce mini matar kwamanda.

Sai wata Laraba, albasa na tsakar yin kai,
idon akwatin ya koma ja.
Muka kira lambar.
Wata mata ta amsa da Faransanci, murya sumul,
magana ɗaya sau uku, ba ta ko tsaya shan iska ba.
Mushe Abarshi ya fassara: layin ya mutu.
Ofishinsu na Tawa kuwa,
an ce siminti ake sayarwa a ciki.

Kwana huɗu ganyen albasa na sunkuyar da kai.
Maza na gindin bedi, ana neman mai laifi.

Tsahara ce ta miƙe,
ɗiyar Illa mai gyaran rediyo,
wadda aka tura horon kwana biyar
don kawai takarda ta ce sai da mace a ciki.
Ta zo da littafin da ɓera ya ci wa kunne
da sukudireban ubanta mai ƙotar da aka ɗaure da roba.
Ta kashe wuta, ta yi bisimilla, ta buɗe.

Ashe zanzaro ne ya yi gini bisa wayoyi.
Fis ya ƙone,
ɗan abin da bai kai ƙwayar dabino ba
shi ya durƙusar da gari.

Jika biyu da rabi, in ji ta, har kuɗin kabu-kabu.
Muka kwance bakin zane,
mai dala goma, mai dala ashirin,
tsohuwa Dela ta kawo ƙwan zabi uku.

Kafin la'asar ta dawo, ƙura har gira.
Bututu ya yi tari, ya tofar da laka,
ya sake tari.
Ba wanda ya yi guɗa
sai da ruwa ya taɓa fangalin farko.

Yanzu duk buhu goma, ɗaya na akwati ne,
Dela ke riƙe da makulli, ba ta da wasa.
Allon na nan, tsatsa ta ci sunayen ƙasashe.
An shafe tsohuwar lamba da farar ƙasa,
an rubuta ta Tsahara da baƙin fenti,
bakwai ɗin ya ɗan karkace.

Waɗanda suka kawo, Allah ya saka musu duk inda suke.
Ni dai ranar Lahadi na shiga kasuwar Tawa
na sayo sabuwar igiya.