Batir Na Uku

Ruwan Sheffield bai iya sallama ba,
tun asuba yake tsiyaya a jikin taga.
Barira ta ture kofin shayi da burodin jiya,
ta buɗe kwalin da aka ajiye mana a bakin ƙofa:
wayoyi, ja da baƙa,
ƙwayayen fitila kamar idon fara,
allo mai ramuka ɗari,
da 'yar lasifika da ba ta cika tafin hannunta ba.

Na ce, kawo nan.
Shekara bakwai na yi a rumfar Malam Tasi'u a Gusau
ina farke cikin rediyo, ina ɗinkewa da dalma.
Mu da harshe muke gwada batir,
in ya yi yaji, da sauran rai.
Ga tabon ƙuna a babban yatsana, shaida.

Ta dube ni ta saman tabarau ɗin kariya
da ya yi mata yawa.
Baba, cire zobenka tukuna.
Shekarunta sha ɗaya.
Na cire.

Ta karanta takardar tun daga sama
har ƙananan rubutun da ban taɓa yi wa kallo biyu ba.
Ja wurin ja, baƙa wurin baƙa.
Hannu a bushe.
Kada kai da gindi su gaisa babu kowa a tsakani.
Batir ne ƙarshen shiga, shi ne farkon fita.
Wanda ya kumbura ko ya yi farin gumi,
ba a lallashinsa.

Na yi dariya.
Wutar da ba ta isa ta kashe sauro ba?

Sai cinyata ta ba ni amsa.
Batirin nan mai kusurwa huɗu da na jefa aljihu
ya tarar da makullin mota da sulalla biyu,
sun ƙulla zumunci a ɓoye.
Na zaro shi da zafi
kamar dankalin da aka tono daga toka.
Ba ta ce uffan ba.
Ta bari ya huce a kan tayil,
ta yanko salatif ta rufe masa baki.

Sannan ta ƙirga ƙananan,
masu kama da maɓallin riga.
Kwali ya ce uku.
Tebur ya ce biyu.

Ƙarƙashin tebur kuwa Mudassir ne,
wata sha huɗu, haƙora shida,
wanda duniya duk abinci ce a wurinsa,
yana tauna wani abu, yana murmushi.

Ban san sa'ad da gwiwata ta kai ƙasa ba.
Yatsana cikin bakinsa:
ɓawon lemo.
To ɗayan fa?
Wannan in ya sauka maƙogwaro
ba ya hayaƙi, ba ya ƙara,
shiru yake ƙuna, kuma ba ya jiran gobe.
Uwarsu tana bakin aiki can ƙetaren gari.
Na ɗauki waya.
Na danna tara.
Na danna tara.

Barira ta kakkaɓe darduma,
ta juye takalma, ta leƙa ƙarƙashin firji,
ta ɗaga lasifika.
Ga shi manne a bayanta,
maganaɗisu ya riƙe shi kamar kaska.

Uku.
Ta sake ƙirgawa da ƙarfi, muryarta na rawa.
Uku.

Muka zauna a ƙasa mu duka,
yaron yana jan gemuna.

Yanzu ƙananan suna cikin kwalba mai murfin murɗi,
kowanne da salatif ɗinsa,
a kanta ta sama, bayan garin kuka,
inda ni ma sai na taka kujera.

Bayan magariba fitilarta ta kama,
koriya, ƙarama, tana ƙifta ido.
Na miƙa hannu zan mayar da zobena.
Ba ta ko ɗago kai ba.
Baba, ban cire batir ba tukuna.