Katakon Kuloci

Motar Baba ta shekara tara a ƙarƙashin darbejiya
a gidanmu na Kabala.
Fijo ce, mai giya a jikin sitiyari,
irin wadda sai ka lallashe ta kafin ta amsa.
Kaji har ƙwai sun saka a kujerar baya.
Ranar rabon gado kowa ya kau da kai,
ni na ce a ba ni.

Da na zauna a mazauninsa
gwiwata ta ƙumu da sitiyari.
Na leƙa ƙasa, ga abin takawa uku:
totur a dama, siriri kamar harshen ƙadangare,
birki a tsakiya, robarsa ta cinye ta gefe guda,
daidai inda babban yatsansa ke sauka,
sai kuloci can hagu, an ɗaura masa katako
mai kaurin yatsu uku,
da noti biyu da tsatsa ta riga ta aure su.

Baba gajere ne,
ƙafar hagun kuma ta fi gajarta
tun da dilar auduga ta faɗo masa a masaƙa, a Kakuri.
Ban taɓa ganin ɗingishinsa a cikin mota ba.
A ƙasa kaɗai yake yi.

Da igiya aka ja ta zuwa Panteka.
Dogara bakanike, furfura har a gira,
ya durƙusa ya shafa katakon, ya daɗe bai ce komai ba.
"Maɗaci ne," in ji shi. "Ni na sassaƙa, ina yaron shago.
Sau uku mutumin nan yana dawowa,
a rage, a ƙara, a ɗan sake ragewa,
har ran da ya ce, yawwa, ƙafata ta sami ɗaki."
Ya ɗauko sifana.
"In cire? Kai dogo ne,
za ka riƙa tuƙi kamar mai hawa tsani."

Na ce bari in zaga da ita tukuna.

Birki da totur sun matsu da juna
kamar 'yan haya biyu a ɗaki ɗaya.
Takalmina sau-ciki ya take su tare,
ta yi gurnani, ta mutu a tsakiyar shataletale,
masu keke suna zuba mini hon,
wani yana cewa, Alhaji a kai ta gidan tarihi mana!

A nan na tuna.
Baba kan tuɓe takalmi kafin ya murɗa makulli,
ya tura su ƙarƙashin kujera.
Muna yara mun ɗauka ladabi ne,
irin na ƙofar masallaci.
Ashe wuri ne ya yi kaɗan.

Na tuɓe nawa.
Ƙarfen da ɗumi, katakon da santsi
kamar taɓaryar da ta ga jikoki.
Tafin ƙafa ya fara jin abin da injin ke faɗa,
inda kuloci ke kamawa, can sama, dab da saki,
inda birki ke son a taka shi sau biyu
kafin ya yarda da gaske kake.
Tawa motar ta ofis mai canza giya da kanta ce,
ƙafar hagu na kwance a ciki kamar baƙon da ba a ba aiki ba.
Yau ta yi noma.

Na haye gada, kogi ya cika ya yi ja,
na kai Barnawa, na juyo,
cunkoson yamma ya riƙe ni har kiran magariba.
Taka, saki. Taka, saki.
Gwiwa tana taɓa sitiyari tana gaishe shi.

Ban koma wurin Dogara ba.
Na shigo gida da fitila ɗaya,
na kashe ta a ƙarƙashin darbejiya,
na laluba takalmi, na fito,
ƙafar hagu ta sage, ta ƙi miƙewa.

Inna tana alwala a bakin rariya.
Ta ji ƙarar ƙofar nan da ta sani,
ta ɗago, ta ga mutum cikin duhu-duhu
yana tahowa yana ɗingisa hagu,
takalmi a hannu.

Butar ta karkace a hannunta.
Ruwa yana ta zuba, ba ta tare shi ba.