Shafin Ƙarshe

Ni ne fa mai cewa shirme ne,
ni ne mai tsaki in na tarar da Saude
ta jingina da bango, tuwo na ƙuna,
tana share hawaye da bakin zane
saboda wani yaron da babu shi a duniya.

Shekara ashirin da biyu na yi a masaƙa, a Kakuri,
kunnena ya saba da ƙarar inji,
ban san magana tana da taushi a takarda ba.
Da aka garƙame ƙofa aka sallame mu
na dawo gida da baki mai nauyi kamar dutsen niƙa.

Sai yana ta sauka a idonta.
Likita ya ce a jira ta nuna, sai ka ce mangwaro.
Littattafai suka yi shiru a ƙasan akwati,
ita ma ta yi shiru.
Shirun nan ne ya kora ni Kasuwar Barci,
na tsaya gaban shagon haya ina sosa ƙeya,
na ce da yarinyar, "Aiko ni aka yi."
Ta ce, "Baba, ai kowa aiko shi ake yi.
Ga na ɗaya, ga na biyu, kwana uku."

Daren farko na yi karatu kamar mai tauna tsakuwa.
Saude ta ce, "Malam, sassauta,
ba cigiyar akuya kake yi ba."

Na sassauta.

Ashe haka abin yake kama mutum?
Nabilu ya kira lamba bisa kuskure,
Suhaila mai shagon turare ta ɗauka,
daga nan barcina ya ƙaura.
A majalisa ana musun kuɗin mai da na taki,
ni kuwa ina can ina jin haushin yarinya
da ta ga kira tara ta kife waya.

Littafin ya sha hannu kafin nawa.
Ga tambarin yatsa na manja a shafi na arba'in,
ga ƙamshin turaren wutar wani gida,
ko a Rigasa, ko a Badarawa, oho.
Wata ta ja layi da biro, ta rubuta a gefe:
"Allah ya isa, Nabilu!"
Na ce amin ban sani ba.

Daren ƙarshe ruwa ya tsuge, aka ɗauke wuta,
kwano na amo, ina haskawa da fitilar waya.
Na juya shafi, sai bango.
Wani mara imani ya yage ƙarshen,
watakila ya ƙunshe gyaɗa da shi.

Saude ta ce, "Ina ji. Ya zo?"

Na gyara murya, na dubi bangon da babu komai,
na ce ya zo.
Ya zo a kan keke, da yamma, ta kan gada,
kogi ya cika ya yi ja,
ya riƙo rake guda biyu a hannu,
ya tsaya yana kallon ƙasa ya ce,
"Ni ban iya magana ba,
amma in kin yarda zan koya."

Ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba,
har da tari.
"Nabilu mai mota uku, ina ya samo keke?
Keken nan na san shi,
sarƙarsa na zamewa in an zo hawa."
Sai ta lalubo hannuna cikin duhu:
"Shekara talatin ina jiran sauran maganar.
Ci gaba."

Na ci gaba har ruwa ya ɗauke,
har wayar ta mutu,
har ladan ya taɓa lasifika.

Da safe na mayar da littafi.
Yarinyar ta ce, "Ayya Baba, ƙarshen ya yage,
bari in nemo maka wani."
Na ce ta barshi.
Ta ba ni sabo dai, mai kauri,
in ma da wanda ƙarshensa ya ɓata
ba laifi.